Wankan Akori-kura

Shekarar da Kaka ta je Makka ina aji shida a firamare. A shekarar ce kuma Baba ya sayi tsohuwar akori-kura a hannun wani ɗan kasuwar Babura, yana dakon gero da gyaɗa da ita. Kafin Kaka ta tafi abu ɗaya ta roƙa: ranar da za ta sauka a Kano, kada kowa ya shige motar 'ya'yansa a bar ta tana raba ido.

"Ɗana yana da mota," in ji ta. "A cikinta zan dawo gida."

Rediyo ta sanar cewa jirgin alhazan yankinmu zai sauka da azahar. Daga ƙauyenmu na bayan Roni sai an bi ta Kazaure, kuma hanyar ba ta da kyau, don haka aka shirya fita da sassafe. Har da ni, domin ni ke kwana ɗakin Kaka. Ban taɓa ganin Kano ba.

Da aka idar da sallar asuba na leƙa ta zaure, na ga Baba ya naɗe hannun riga yana wanke motar da sabulu, duk sanyin nan. Ya wanke taya, ya wanke gilashi, sannan ya ɗaga murfin injin ya tsaya yana kallon baƙin maiƙon da ke ciki kamar abin ya ba shi kunya. Sai ya ɗauki bokiti ya sheƙa masa.

Muka hau. Goggo, yayar Baba, ta zauna gaba, ni da ƙannensa muka shimfiɗa tabarma a baya. Baba ya murɗa makulli. Motar ta yi gurnani, ta girgiza, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, haka dai.

"Sanyi ne," in ji shi. "A tura."

Samarin unguwa suka tura ta har gindin darbejiyar masallaci, ba ta ko yi tari ba. Suka bar ta a can suna haki. Aka tashi mai keke zuwa Roni ya ɗauko makanike.

Na sauka, na hau, na sake sauka. Na kwance ɗankwalina na ɗaura ban san sau nawa ba. Inuwar darbejiya tana ta janyewa tana komawa gindinta, ni kuwa Kaka kawai nake gani, tsaye a cikin baƙin mutane tana duba fuskoki.

Makaniken Bayarabe ne da ya daɗe a Roni, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari. Ya ce a murɗa, ya kasa kunne.

"Tunda tana juyawa, batir ba shi da laifi. Saura biyu, maigida: ko ba ta shan mai, ko ba ta samun wuta."

Ya cire wani siririn tiyo, Baba ya murɗa, fetur ya yi tsartuwa har kan takalminsa. Mai yana zuwa. Sai ya zare wayar fulogi ɗaya ya miƙa wa ƙaramin baffana.

"Riƙe nan. In ka yi tsalle, akwai wuta."

"Riƙe da kanka, ni ban yi aure ba tukuna!"

Aka yi dariya, ban da Baba. Makanike ya kara wayar kusa da ƙarfe, aka murɗa. Ko ƙyas.

"Maigida, jiya lafiya ta kwana?"

"Lafiya lau."

"Ba wanda ya taɓa ta?"

"Wa zai taɓa ta?"

Ba ƙarya Baba ya yi ba. A wurinsa wanki ba taɓawa ba ne. Jikin injin ya riga ya bushe, taɓon da wankin ya bari kuma yana can ƙofar gidanmu, makanike bai gan shi ba. Ya sosa ƙeya ya ce wataƙila abin da ke ba da wutar ne ya mutu, sai an je Kazaure neman wani. Zuwa Kazaure da dawowa a keke, ai yini ya tafi.

Inda nake raɓe ina hango wani baƙin murfi da wayoyin fulogi suka fito daga kansa kamar ƙafafun gizo-gizo. A ƙasansa ɗigon ruwa yana reto, ya faɗi, wani ya taru. Amma yarinya ba ta tsoma baki cikin maza, balle a kan mahaifinta. Na zagaya tagar Goggo na raɗa mata.

Goggo ba ta san raɗa ba.

"Kai, mai mota! Ka gaya masa wankan jegon da ka yi mata da asuba mana!"

Makanike ya dubi Baba. "Har ciki?"

"Bokiti biyu ne kawai," in ji Baba a hankali.

Makanike ya ɓalle murfin, ya kifa shi, ruwa ya zubo. Ya nemi busasshen tsumma, duk na motar Baba ya jiƙa su. Na miƙa farin hankicina na makaranta ban ɗaga kai ba. Inna ta aiko da kaskon garwashi daga cikin gida, ya riƙa gasa murfin daga nesa yana juya shi kamar mai gasa masara, Baba na kai da komo yana duban rana.

Ana kiran azahar motar ta tashi. Muka yi salla a gurguje, Baba ya ƙi kashe ta.

Rana ta yi ja muka isa filin jirgi. Alhazai duk sun watse. Kaka na zaune kan akwatinta ita kaɗai, jarkar zamzam a tsakanin ƙafafunta. Mutanen Gwiwa sun yi ta roƙonta ta bi motarsu, ta ƙi.

Baba ya durƙusa yana yi mata barka da sauka. Ta dafa kaina, ta miƙe, ta zagaya akori-kurar da jar ƙasar hanya ta rufe tun daga taya har gilashi. Ta shafa ƙofar da yatsa ta duba.

"Wata guda ba na nan," ta ce, "ko wanke ta ba ka yi ba?"

Goggo ta toshe baki da mayafi. Baba ya ɗauki akwatin ya ɗora a baya.