Mangwaron da Bai Wuce Darni Ba

In kana neman Delu da damina, kada ka ɓata bakinka da sallama a ƙofar gida. Zagaya baya. Can za ka tarar da ita cikin garka, a duƙe, zane ɗaure tamau a ƙugu, tana faɗa da tsutsa ko da akuyar maƙwabta, wani lokaci ma da kubewar kanta in ta yi ganye ta ƙi ƴaƴa. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki, ta haura hamsin. Mijinta Kailu ya daɗe da rasuwa, ɗiyanta maza biyu suna can bida, neman kuɗi a birnin Kwatano, aike sai jefi-jefi. Abin da ke riƙe da tukunyarta garkar nan ce, ba wani abu ba. Kubewa ce kan gaba, sai sure, wato yakuwa, da rama a gefe, lalo yana fitowa inda ya ga dama, kabushi kuma ya haye rufin rumbu ya yi zamansa. Ta ci ɗanye, ta yanka ta shanya, ta kai ragowar kasuwar Filinge. Har matan ma'aikata sun san busasshiyar kubewar Delu, don ba ta garwaya ta da ƙasa.

Sai dai fa garkar ba tata ba ce. Uban Kailu baƙo ya zo ƙauyen daga wajen Damana a wata shekarar yunwa, uban Malam Mamman ya ba shi wurin kafa bukka, ya kuma ara masa ɗan filin da ke baya. Aro, ba kyauta ba. Kowa a ƙasar Kurfai ya san dokar filin aro: shuka duk abin da zai mutu da kaka, amma ba ka dasa icce, ba ka gina rijiya. Icce shaida ne. Mutane su mutu, maganar da suka yi ta bi su kabari, icce yana nan tsaye, jikan wanda ya dasa shi ya zo ya nuna ya ce filin kakana ne. An sha zuwa gaban mai gari kan irin wannan, an sha ɓata zumunci. Shi ya sa ba a wasa da abin.

Delu ta san dokar kamar yunwar cikinta, kuma dokar na ci mata rai. Tun tana amarya take zuba takin awaki a ƙasar nan, ta mai da jan rairayi ya zama baƙi, mai laushi. Amma kowace shekara da ruwa ya ɗauke sai ta tsaya ta ga komai ya bushe, ta tumɓuke karan kubewa ta hura wuta da shi, wuri ya koma fayau kamar ba a taɓa yin komai ba. Takan ce wa aminiyarta Balkisa, wadda gidansu ke jikin nata, “Ni dai ban taɓa shuka abin da ya kwana biyu ba. Ko ɗiyan da na haifa sun tahi.”

Wata damina, a kwanar garka inda take watsa ruwan wanke-wanke, sai ga wani ɗan tsiro mai ganye jajaye, masu sheƙi, sun rataya kamar kunnen ɗan akuya. Mangwaro ne. Wani ya sha ya jefar da ƙwallon, Allah ya yi zai tashi. Ba ita ta dasa ba, wannan gaskiya ce, ko a gaban alƙali za ta rantse. Amma ta miƙa hannu za ta cire, hannun ya ƙi. Ta ce bari zuwa gobe. Goben nan ita ce ta zama shekaru.

To, ka ji inda wahala ta fara. Da damina ba damuwa, rama da kubewa sun yi tsawo sun rufe shi. Da rani kuwa, lokacin da kowa ke barin darninsa ya zube, ita sai ta ƙara kara, ta jingina tsohuwar zana a kwanar, wai tana kare taki daga iska. Ta ɗauko ruwa daga rijiyar gari a ka, a cikin zafin da ke sa jaki neman inuwa, ta zuba masa a ɓoye. Da ya fara leƙo kai sama da darni sai ta sa wuƙa ta datse kan. Ya sake yunƙurowa, ta sake datsewa. Ta ɗaura wa rassan duwatsu da tsumma don su kwanta gefe. Haka iccen ya girma a tsugune, gindi ya yi kauri, rassa suka bazu ƙasa-ƙasa. Ita ma ta daina kwana ko'ina. Bikin ɗiyar ƙanwarta a Bankuku, da yamma ta dawo, ana ta yi mata tsiya wai ko ta bar jariri a gida.

Balkisa kaɗai ta sani, kuma ba ta raga mata ba. “Ke Delu, wannan mijin naki na biyu, yaushe za ki kai shi gaisuwa gun dangi? Rana hwa ba ta ƙarya.”

“Sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, na sani. Rufe min baki.”

Shi kuwa Malam Mamman, mai filin, tsoho ne mai kawaici. Wata rana ya biyo ta bayan gida da sandarsa, ya tsaya, ya yi tari, ya dubi kwanar ya daɗe. Ya ce, “Delu, darnin ga naki kullum ƙara tsawo shikai.” Ta ce awaki ne suka yi yawa. Ya ce, “Haka ne, awaki sun yi yawa,” ya wuce. Daga ranar ba ta san matsayinta ba. Bai ce ya gani ba, bai ce ya yafe ba, ita kuma ba ta isa ta tambaya ba, don tambayar ita ce za ta tona komai.

Sai a bana, da sanyi ya shigo, iccen ya yi fure. Wayyo, zo ka ga Delu! Ta shiga da safe ta ga rassan sun yi tuntu-tuntu, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa, ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ta yi dariya, ta zagi iccen ta ce sai yanzu ya ga dama. Murnar ba ta yi nisa ba Malam Mamman ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa.

Babban ɗansa Abdurrazak, wanda ke aiki a Yamai, ya zo zaman makoki ya tsaya har sadakar arba'in, don bayanta dattawa za su zagaya filaye a raba gado. Kafin ranar ya bi iyakokin da ƙafarsa, shi kaɗai. Yaro ne mai ladabi, Delu ta goye shi yana ƙarami. Ya yi sallama a bakin garka, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan idonsa ya kai kwanar. A lokacin furen ya kaɗe, ƴaƴa sun ɗaura, kore shar, ba su wuce girman goro ba. Ya nuna iccen.

“Inna, wannan hwa?”

“Shi ya tsiro da kainai, Abdu. Wallahi ban dasa ba.”

“Na yarda, Inna. Amma wa ya ba shi ruwa?”

Ta ce to ta bar masa, iccen nasu ne, ƴaƴan nasu ne, ita ko ɗaya ba ta so. Ya girgiza kai. Ya ce da ita da shi babu matsala har abada, amma ba su biyu ne za su dawwama ba. Ƙannensa suna nan, ɗiyanta suna nan, gari duka zai san wadda ta yi renon iccen. In dattawa suka zo suka gan shi tsaye da ƴaƴa, ƙannensa ba za su yarda a ci gaba da aron ba, za su ce a karɓe filin tun ba a kai ga shari'a ba, kuma ba shi da bakin hana su.

“Ki riƙe garkarki, Inna, har iyakar rayuwarki, ni na ɗauki wannan. Amma iccen ba shi kai ranar.”

“Bari su nuna mana, ɗana. Su nuna kawai. In ɗanɗana guda, sai ka sare.”

Ya sunkuyar da kai. Nunar mangwaro sai zafi ya yi zafi, dattawa kuwa jibi. Ya ce zai turo samari da gatari. Ta ce kada wanda ya shigo mata garka.

Gaba kura, baya sayaki. In ta riƙe iccen ta rasa ƙasar da ta kashe ƙuruciyarta a kai, ta rasa miya, ta koma jiran aiken Kwatano, iccen ma ba za a bar mata shi ba. In ta riƙe ƙasar, to da hannunta za ta kashe abu ɗaya da ya taɓa zama da ita. Ta ji haushin Abdurrazak, ta nemi laifinsa ta rasa. Ta ji haushin marigayi Mamman da bai buɗe baki ya ce wani abu ba tun yana da rai. Ta ji haushin Kailu da ya mutu ya bar ta a filin mutane. Duk haushin ya dawo kanta.

Washegari da hantsi Balkisa ta ji sara ta leƙo. Delu ce da gatarin faskare, ta kwance duwatsun daga rassan ta tara su gefe guda, tana sara tana nishi. Iccen gajere ne amma gindin ya yi tauri, sai da rana ta take kafin ya kwanta. Balkisa mai bakin tsiya ta shigo ta taya ta jan rassa. Delu ta tsinki ɗaya daga ƴaƴan, ta goge a zane, ta gatsa. Tsami ya kashe mata haƙora, ƙaron ya ƙona mata leɓe. Ta tauna ta haɗiye duk da haka.

Dattawa suka zo suka zagaya, suka ga kututture an rufe shi da taki, ba wanda ya tanka. Aka bar wa Delu aron garka, aka yi fatiha.

Da ruwan farko ya sauka ta shuka kubewarta kamar kullum. Bayan ƴan kwanaki ta shiga da safe, sai ta ga kututturen ya tofo, tsiro sun fito ta ko'ina a jikinsa, masu taushi. Balkisa ta ce ta tara masa garwashi a kai ya mutu gaba ɗaya, kowa ya huta. Delu ta ɗebo garwashin a kasko har bakin garka, ta tsaya, ta juya ta mai da shi murhu. Ba za ta iya ƙona shi ba, ba ta kuma isa ta bar shi ya tashi ba. Yanzu kowace safiya, kafin ta taɓa kubewa, sai ta fara zuwa kwanar ta durƙusa ta fizge abin da ya tofo jiya. Shi bai daina tofowa ba.