Yadda Muka Maido Yaya Ɗan Ladi Gida

Ranar mu huɗu ne: ni, da ƙanenmu Isuhu, da Sale mai kamyo, babbar motar kaya, da jakin Yaya Ɗan Ladi da ya raɗa wa suna Kumandan. Shi Yayan shina kwance cikin likkafani a zauren mai masaukinshi a Jibiya. Wake ya kai kasuwa, ajali ya same shi da asuba.

Kun san halinshi. Bai taɓa hawa mota ba. In Sale ya ce, "Baba, hau in rage maka hanya," sai ya ce, "Abin da bai cin ciyawa ban hawa!" Ruwan Najeriya ma bai sha, na tabkinmu na Madarunfa yake tahiya da shi a gora. Wai na Najeriya bai san sunanshi ba. Kai, Yaya!

Mutanen Jibiya suka ce a rufe shi nan, ƙasa duk ta Allah ce.

Na ce, "Ta Allah ce, amma kusa da Inna ya ce a sa shi."

Sale ya ce, "To, Iya, a sa shi a kamyo."

"Da rai bai hau ba, sai yau da bai iya gardama?"

Muka aza shi a amalanke, Kumandan na ja, rana na dukanmu.

A Ɗan Isa, bakin iyaka, ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya tare mu, wai ina takardar likita, gawa ba ta ƙetare iyaka haka nan. Isuhu ya fara rawar baki. Na ce mishi yi shiru.

Na ce wa ma'aikacin, "Yaro, ranar da ya fita, takardar wa ya nuna maka?"

"Iya, wannan tsohon? Ko sannu bai ce min."

"To ga shi nan. Riƙe shi har takarda ta zo daga Maradi. Zafin nan dai kana jin shi. Isuhu, kwance jakin."

Ma'aikacin ya dubi rana, ya dubi likkafani. Sai ya tuɓe hula, ya sa kafaɗa ya tura mana amalanken daga cikin yashi.

Kafin magariba aka rufe shi gefen Inna. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sanyaya makwancinka.

Mata ba su zuwa rufewa, ni kuma ban yarda da aikin maza ba. Da safe na ɗauki gatari na saro ƙaya, na je na lulluɓe kabarin da hannuna, kada kura ta taɓa min shi.