Ɗakin Baba Mai Rediyo a Saman Bene

Shekara da shekaru, duk wanda ya bi ta layin zai ga Baba Mai Rediyo a bakin shagonsa, tabarau a kan hanci, ya farke cikin wata rediyo yana tone-tone. Shagon ɗakin gaba ne na gidansa, ƙofarsa tana kallon titi. Ko bayan da mutane suka daina kawo gyara bai daina buɗewa ba, domin akwai benci a gefe, kuma bencin ba ya rabo da tsofaffi. Wanda ya fi kowa zama shi ne wani tsohon direban bas da suke kira Birki, saboda ba ya barin kowa ya kai ƙarshen maganarsa.

Bayan rasuwar matarsa Baba ya ci gaba da zama shi kaɗai. Wata safiya santsi ya kwashe shi a banɗaki, ƙashin ƙugunsa ya tsage. Maƙwabciya ce ta jiyo nishinsa. Da aka sallame shi daga asibiti, babban ɗansa bai mayar da shi gida ba.

"Baba, zaman kaɗaicin nan ya isa haka. Na gyara maka ɗaki a wurina."

Ya kuwa gyara. An kafa ƙarfen riƙewa a bangon banɗaki, an shimfiɗa roba saboda santsi, ga gado mai ɗagawa, ga talabijin. Surukarsa ba ta taɓa ɓata masa fuska ba. Sai dai gidan a hawa na huɗu yake, kuma babu lif, sai matakala. A kan kujera aka ɗauko shi zuwa sama.

Birki ya zo sau ɗaya. Ya shigo yana haki, ya zube a bakin gado, sai da ya sha ruwa kafin magana ta fito.

"Kai, tun da ranka suka kai ka sama? To gwiwata ta ce in gaishe ka, ita da nan har abada."

Suka yi dariya har da hawaye. Bai sake zuwa ba. Sun gwada waya, amma kunnen kowannensu ya yi nauyi, sai dai "me ka ce?" har ɗaya ya gaji ya kashe.

Da safe gidan yakan watse, masu aiki su tafi, yara su tafi makaranta. Tagar ɗakin tana kallon bangon wani bene da tankunan ruwa. Da farko yakan ce a sauko da shi ya ga mutane. Ɗan yakan ce sai ranar hutu, in an sami masu kamawa. Sau biyu aka yi, ya ga yadda suke gumi suna ɗaukarsa kamar buhu, kunya ta hana shi sake tambaya.

Wata rana ya kira Birki, sai muryar mace ta amsa.

"Baba, 'yarsa ce. Ai mun yi rashi tun watan jiya. Ba a faɗa maka ba?"

Da ɗan ya dawo aiki ya tarar da shi zaune, sanye da hula.

"Ka hana ni raka shi."

"Baba, likita ne ya ce hawan jininka..."

"Likitan ya san shi ne? Mayar da ni gidana."

Ɗan ya sunkuyar da kai. Ya ce an sa haya a gidan, an fasa bangon shagon an faɗaɗa, yanzu wayoyi ake sayarwa a ciki.

Baba ya cire hular ya ajiye. "To," kawai ya ce.

Likita ya ce ƙashin ya haɗe sarai, yana iya takawa da sanda. Shi dai ko gwada takawar ya daina yi. Surukar takan kawo abincin rana ta tarar da na safe a rufe. Idan jikoki suka shigo gaishe shi yakan amsa, ya tambaye su wa suka gani a hanya. Sukan kalli juna, don ba su san kowa ba a tsohon layin.