Hoto na Talatin da Bakwai

Har yanzu in jikokina suna ɗaukar hoto da waya, ƙarar nan da take yi ba ta kwanta mini a kunne. Ta ƙarya ce, sa mata ita kawai aka yi, ba abin da ya motsa a ciki. Tamu kuwa in ta ce ƙaras, har a tafin hannu za ka ji, don madubi ne ya tashi ya koma.

Tamu da nake faɗi, kyamarar maigidana ce, Allah Ya jiƙansa. Ya saye ta tun kafin a kawo ni Gumel, a hannun wani mutumin Damagaram da ya zo cin kasuwar Maigatari. Baƙa ce mai farin kai, ga nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Duk gari Mai Hoto ake ce masa. Ni Malam nake kiransa, shi kuma ya ce mini 'Yar Tasha, don gidanmu a Gagarawa Tasha yake, wai shi ya sa bakina ba ya hutawa.

Ni ba mai fita ba ce. A bar ni da tsakar gidana da 'yar rediyona, na gode. Abin da ya fitar da ni, gidajen nan ne da aka rubuta wa ba shiga a bakin zaure. Ranar suna ko biki Malam ya tsaya a waje ya ɗauki maza, mata kuwa su ci ado a ciki, adon ya tashi a banza. Wata rana ya dawo, ya ajiye jakar kyamarar a gabana ina tankaɗe.

“Ke za ki riƙa shiga.”

“Ni da na tsaya a aji uku?”

“Ba ta tambayar takarda. Ke da kike gane kowa a lungun nan da ƙarar takalminsa, wannan ba za ta gagare ki ba.”

Da kunnen kuwa ya koya mini. Lambobin da ke kan ɗan majuyin sama sun yi mini ƙanana, suna rikita ni, sai ya riƙa juyawa yana dannawa kusa da kunnena. Na rana tsaka ƙas yake cewa, gajere, kamar an karya tsinke. Na inuwar ɗaki yana jan ƙafa, ka-ras, kamar tsohuwa ta rufe ƙyaure. In ka ji mai jan ƙafa, to ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka riƙe numfashi, in ba haka ba amarya ta fito da hanci biyu. Zoben da ke buɗe ido da tsuke shi kuwa, jan farcena ya ɗauka ya ɗiga a wuri biyu, ɗigo ɗaya na rana, ɗigo biyu na inuwa. Jan farcen yana nan har yau, ya yi baƙi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne saiti. In ka leƙa, akwai ɗan da'ira a tsakiya da ke raba abu biyu, sama ta goce wa ƙasa, sai ka juya babban zobe har su haɗu. Da tsintsiya ya fara mini, ya jingina ta a bango, ina ganinta a karye ina ɗora ta kamar maɗori. Da na ce fuskar mutum ai ba tsintsiya ba ce, sai ya nuna kumatunsa. Yana da tsaga irin ta mutanen nan, dogaye, daga gefen ido har haɓa.

“Ki nemi tsaga. In ta haɗu, ki danna. Wadda ba ta da tsaga, ki nemi bakin mayafinta.”

Farkon fitata, sunan 'yar maƙwabta ne. Na ɗauki mai jego, na ɗauki kakanni, na ɗauki masu tuƙa tuwo suna ɓoye fuska suna leƙowa. Sai wata gwaggo ta ce ita ba ta yarda ta shiga ba, a nuna mata. Ni ma zuciyata ta ce, to, mu duba mana. Na ja majuyin hagu sama, murfin bayan kyamarar ya buɗe, muka haɗa kai mu wajen shida muna leƙa baƙin leda a tsakar rana. Ba kowa a ciki. Na dawo gida ina cewa kyamara ta lalace.

Malam ya karɓa ya juya ta a hannu. Can ya ce, “Haske ne abincinta, haske ne kuma ajalinta. Kin ba ta na shekara a loma ɗaya.” Washegari ya sa na koma na ba da haƙuri, matan suka sake wanka suka sake ɗaura ɗankwali, aka yi suna na biyu ba rago. Har ta rasu gwaggon nan in ta gan ni sai ta ce, “A buɗe mu gani?”

To, fim guda hoto talatin da shida yake ɗauka, haka aka rubuta a kwalinsa. Amma in mai sawa ya iya, bai ja kan da yawa ba, kuma ya yi a cikin duhu, wani lokaci sai a samu ɗaya a ƙarshe. Malam cikin babbar rigarsa yake sawa, ya zura hannu biyu ciki yana laluba, yana kallon sama kamar mai ɗaure tazuge. Wannan na ƙarshen shi yake kira gyara, irin wanda mai gyaɗa ke ƙara maka bayan ta cika gwangwani. Ba a roƙonsa da ƙarfi. In ka ja kunnen kyamarar, mai tura fim gaba, da babban yatsa ya tafi har ƙarshe, ka samu. In ya cije a rabi, ka haƙura, in ka matsa fim ya tsinke.

Gyara ba na mai biki ba ne, in ji shi, na gida ne. Na gidan kuma ni ce. Duk inda ya je, ko ƙauyukan Sule Tankarkar ne wajen Fulanin da ke kiransa ya ɗauke su da shanunsu, sai ya dawo da shi a ciki. Ba ya faɗa mini. Ina bakin murhu, ko ina wankin yara, ko ina tsifa kai rabi a kwance, sai in ji ƙaras.

“Malam, wai don Allah ba za ka bari in yi kwalliya ba ko sau ɗaya?”

“Masu kwalliya talatin da shida na baro.”

Hotunan gyaran nan suna nan cike da gwangwanin alewa. Babu ɗaya da na fito kamar matar kirki. A wani ina hamma, a wani ina korar akuya da ludayi.

Shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Shekara da shekaru yana ɗaukar gari, daga masu zuwa Makka har 'yan makaranta, amma in ka ce ya tsaya sai ya ce wanzami ba ya son jarfa. Akwai dai na katin zaɓe, ɗan mitsitsi, ya zare ido kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Na sha gwadawa. Da na ɗaga sai ya sa hannu ya rufe gilashin, ya ce kada in ɓata fim. Abin yana damuna, ban dai cika faɗa ba. Nakan ce a raina, in yaran nan suka haifi nasu, da me za a nuna musu shi?

Sai waya ta zo. Ba rana ɗaya sana'ar ta mutu ba, a hankali ta riƙa ramewa. Masu kira suka ragu. Fim ya yi wuya, sai an sa direban Kano ya nemo, wankin ma a Kano, kuma masu wankin suka koma sai sun tara da yawa kafin su kunna inji. Ana cikin haka idon Malam ya fara yana. Bai faɗa ba. Ni na gane, don na ji yana juya babban zoben gaba da baya, gaba da baya, abin da da juyi ɗaya yake yi. Daga baya ya riƙa cewa gwiwa ce ke damunsa, ni in je.

Fim ɗaya ya rage mana, a gwangwani bayan randa inda yake ajiye su don sanyi. Ya fi shekara a nan. Da 'yarmu ta fari ta zo wankan gida da ɗanta, ya ce a fito da shi. Na ce ni zan sa. Na shiga ƙuryar ɗaki, na lulluɓa da bargo ana wannan zafin na bazara, na maƙala kan fim ɗin da ƙyar, iya abin da haƙoran za su kama. Rowa na yi masa sosai. Na rufe, na ja sau ɗaya, na ga majuyin hagu ya juya, alamar ya kama. Ban gaya wa kowa abin da nake nufi ba.

Ranar suna 'yan mata sai dariya suke, kowa da wayarta. “Inna, wannan ai sai gidan tarihi.” Na ce su tsaya dai. Na ɗauki mai jego da jariri, na ɗauki dangin uba da suka zo daga Maigatari, ina ƙirgawa a zuci. Bayan la'asar taro ya watse, 'yar tagar da ke ƙirga hotuna ta nuna talatin da shida, na ɗauki ƙwaryar zanen suna don in cike. Sannan na tsaya a bakin zaure na sa yatsa a kunnen kyamarar, na ja a hankali ina saurare. Ya yi ɗan nauyi a tsakiya. Sai ya wuce, ya ce ƙit.

Malam yana zaune a tabarma gindin darbejiyar ƙofar gida, baƙi sun tafi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ashe ya ji.

“Ya wuce ko? Kawo. Je ki tsaya can jikin bango.”

Na so in hana, amma ban taɓa hana shi kayansa ba. Na miƙa, na je na tsaya. Ranar kuwa na ci ado, leshi ne a jikina har da sarƙa. Ya ɗaga, ya juya zoben. Ya mayar. Ya goge ido da bakin riga, ya sake ɗagawa. Ina jin zoben yana kai da komo, ni kuma murmushi ya bushe mini a fuska. Ya daɗe. Sannan ya sauke ta a cinya.

“'Yar Tasha, ku biyu nake gani, kuma duk ba ku haɗu ba.”

“Ai ɗayar ma ta ishe ka surutu.”

Ya yi 'yar dariya. Ya shafa kan kyamarar da babban yatsa, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. “Kada ya lalace a ciki. Ki samu abin ɗauka.”

“Na samu.”

Bai sa hannu ya rufe ba. Ya mayar da hularsa, ya gyara wuyan riga. Na durƙusa daidai shi. Inuwa ce, na mayar ɗigo biyu, na juya majuyin sama zuwa mai jan ƙafa. Na leƙa, ga tsagarsa a karye cikin da'ira, ta sama ta goce wa ta ƙasa. Na juya har ta zama ɗaya. Na ɗora yatsa zan danna.

“Gwiwar hannu a haƙarƙari,” in ji shi. “Ki riƙe num...”

Ka-ras. Ita irin wannan kyamara, daidai lokacin da take ɗauka madubi ke rufe maka ido, duhu kake gani. Don haka ban san me na kama ba.

Muka ba direba. Sati ya wuce, biyu, har na daina aike tasha. Sai da aka yi ruwan farko ambulan ta zo. Na zauna na ƙirga kati talatin da shida, na sake ƙirgawa. Ga jariri, ga ƙwarya, babu Malam. Shi ma gyaran haka yake, wani lokaci wurin da masu wanki ke maƙala fim su rataya, nan yake faɗawa. Na zaro dodon, wato baƙin ledar da ake dawo da ita tare da hotuna, na ɗaga a rana ina bi ɗaya ɗaya. Can a wutsiya na gan shi, fuska fara, gemu baƙi ƙirin, huda biyu a kafaɗarsa. Sun ga ya ƙone a gefe, shi ya sa ba su buga ba.

Na yanke wutsiyar da almakashi, na naɗe a takarda, na je tasha da kaina, ni da ban san hanyar tasha ba sai an raka ni. Na ce wa direban, “Ɗan nan, ka ce musu ko rabin kunne ne a ciki su buga mini.”

Da ya zo, kafaɗar hagu babu, wani jan haske ya cinye ta har gefen hula. Amma fuskar tana nan garau, ana ƙirga furfurar gemunsa. Bakinsa a buɗe, yatsa ɗaya a sama, yana koya mini abin da na shekara talatin ina yi.

Na kai masa gindin darbejiya. Ya karɓa ta gefe-gefe yadda yake hana mutane sa yatsa a fuska, ya kai kusa da ido, ya nesanta, ya juya wajen haske. Sannan ya miƙo mini.

“Faɗa mini.”

Na ce ga hula a karkace, ga baki a buɗe kamar mai gardama a kasuwa, kafaɗa ɗaya kuma ta tafi Kano ba ta dawo ba.

“Tsagar fa? Ta haɗu?”

“Ta haɗu, Malam.”

“To sa shi a gwangwani.”

Ban sa ba. Yana jikin bango saman gadona, inda duk jikan da ya shigo sai ya tambaya me Kaka yake faɗa a nan. In ce musu cewa yake in riƙe numfashi.