Ƙarfe Mai Kauri a Ƙasa

Shekara talatin da takwas Baban Auta ya yi yana walda. Rabin ƙofofin layinsu aikinsa ne, haka tagogin ƙarfe da tsanin hawa tankin ruwa. Mutum ne mai taurin kai na gasken gaske, wanda in ya ce ƙarfe ya zauna a nan, to ko ƙarfen ba ya so sai ya zauna. Abokan sana'a sukan tsokane shi cewa ko kujerar roba aka ba shi, sai ya kifa ta ya nemi inda aka yi mata walda kafin ya yarda ya ɗora mata nauyinsa.

Bara ya rufe shagon. Ya gaya wa kowa cewa idonsa ne ya gaji da hasken wuta, kuma ƙarya ya shara. Hannunsa na dama ne ya fara rawa. Da farko sai in ya gaji, daga baya har da sassafe. Layin waldarsa da yake miƙe sambal ya koma tafiyar tsutsa. Bai faɗa wa kowa ba, balle matarsa, tela ce da ke wuni a ɗakin ɗinkinta kusa da falo. Ba ya tsoron ciwon kamar yadda yake tsoron ranar da za ta dube shi da idon tausayi. Don haka ya koyi dabaru. Hannu kullum a aljihu, shayi da hagu kuma rabin kofi, sa hannu a takarda sai ya shiga ɗaki.

Ana cikin haka Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta sami aikin jinya a nesa, za ta zauna a gidan ma'aikata inda ba a yarda da ajiye dabba. Ta kawo musu zomanyarta, wata 'yar ƙarama mai launin toka, wadda ba ta wahalar da kanta wajen raɗa mata suna ba, Toka kawai take ce mata. Baranda ba za ta yiwu ba saboda kyanwar maƙwabta. Sai Auta ta wargaza kantar ragar waya da take jera takalma da littattafai a kai, ta kawo ragogin wayar, kowace faɗinta bai wuce kamu ɗaya ba, tare da jakar wasu 'yan robobi da ake haɗa kusurwoyinsu.

“Baba, a falo za ka haɗa mata,” in ji ta. “Ragar iri biyu ce. Masu ƙananan ido su ne bango, masu manyan ido rufi kawai. Kuma kada a bari ta tsorata ta yi ta harbi da ƙafa, zomo yana iya karya bayansa da kansa.”

“Ke za ki koya mini keji?” ya ce yana dariya. “Je ki kama motarki.”

Ya ji daɗin aikin fiye da yadda ya nuna. Wata goma rabonsa da taɓa ƙarfe. Robobin nan kuwa kallo ɗaya ya yi musu ya tura jakar ƙarƙashin kujera, wai kayan wasa ne. Ya ɗauko wayar ɗauri ya bi kowace gaɓa ya murɗe ta da filaya, murɗi biyar biyar. Sai ya ji keken ɗinki ya tashi yake aiki, in keken ya tsaya shi ma ya tsaya ya sa hannu a aljihu. Aikin wuni ɗaya ya ci masa kwana huɗu.

Da ya zo jera bango, ya auna ragogin a tafin hannu. Masu manyan idon nan wayarsu ta fi kauri. A duk rayuwarsa bai taɓa ɗora ƙarfe mai kauri a kan siriri ba, don mai kauri shi ne gindi, wannan ko a mafarki aka tashe shi zai faɗa. Maganar Auta ta faɗo masa, ya kawar da ita. Yarinya ta san allura da ma'aunin zafi, ina ta san nauyi? Ya jera masu manyan ido a ƙasa, ya yi hawa biyu da ɗan tsani, ya shimfiɗa tabarmar roba, ya sa ciyawa da kwanon ruwa. Ya hau kan kejin ya zauna, ko motsi bai yi ba.

Kwana tara lafiya lau. A rana ta goma da hantsi, yana zaune yana yanka wa Toka ganyen karas, wani reshe ya kuɓuce masa ya faɗi a wajen kejin, dab da bango. Kafin ya sunkuya, zomanyar ta kwantar da kunnuwa ta zura kai ta idon ragar. Ta cafki ganyen, ta ja da baya, kan ya ƙi komawa.

Ta sake ja. Wayar ta kama ta a bayan kunnuwa. Sai ta fara harbi da ƙafafun baya, kwanon ruwa ya kife, ciyawa ta watse.

Ya fizgo tawul daga kan kujera, ya zura hannun hagu ta ƙofar kejin ya lulluɓe ta ya danne. Yana jin zuciyarta a tafinsa tana bugawa ba ƙaƙƙautawa. Ya gwada tura kan a hankali, kunnuwan suka tokare. Ya dubi kusurwar ragar. Da robobin nan ya sa, da ɓalle ta kawai zai yi ya sami wurin juya ta yadda ya so. Amma murɗi biyar biyar ne, gaɓa goma sha biyu, aikin da ya yi don kada ya taɓa kwancewa.

Saura yanka. Akwatin kayan aikinsa na nan gefe, ya jawo shi da ƙafa ya zaro filayar yanka waya. Wayar da za a yanke tana kwance a kan wuyan Toka, tsakaninta da fata ko tsinke ba zai shiga da daɗi ba. Ya kai bakin filayar. Bakin ya shiga rawa, yana ƙwanƙwasa ragar, kas kas kas. Ya janye, ya ja numfashi, ya matse gwiwar hannu a haƙarƙari, ya sake kaiwa. Wannan karon tsinin ya shafi gashin wuyanta, zomanyar ta zabura ta yi wani siririn kuka da bai taɓa sanin zomo yana yi ba.

Idanunta sun firfito, numfashinta ya koma sama sama. A ɗaki keken ɗinki yana ta ƙararsa. Taku shida ne tsakaninsa da matarsa, kuma ya san in ya kira ta, abin da ya ɓoye shekara guda ya ƙare. Ya ji kunyar kansa da ya tsaya yana wannan lissafi alhali dabbar 'yarsa tana shaƙewa a hannunsa.

“Maman Auta,” ya kira. “Maman Auta, zo.”

Keken ya tsaya. Ta fito da tef ɗin awo a wuya, ta ga abin da ake ciki, ta durƙusa ba tare da tambaya ba.

“Kawo in riƙe ta, kai ka yanke.”

“Ba zan iya ba.”

“Baban Auta, ba lokacin...”

“Hannuna rawa yake.” Ya ɗaga shi da filayar a ciki, a fili, ta gani. “Ya daɗe. Shi ya sa na rufe shago. In na yanka, wuyanta zan yanka.”

Ba ta ko kalli fuskarsa ba. Ta karɓi filayar, ta gyara zaman tabaranta. “Nuna mini wurin.”

“Nan, kusa da mahaɗa. Ki kwantar da bakin, kada tsinin ya kalli fata.”

Hannun da ya shekara talatin yana bin layin alli da almakashi ya kai bakin filayar daidai, ya tsaya cak. Ta matsa da hannu biyu har jijiyoyinta suka tashi. Wayar ko gezau, mai kauri ce, shi da kansa ya zaɓe ta.

“Ta fi ƙarfina,” ta ce. “Ni na saita, kai ka matsa. Ɗora hannunka a kan nawa.”

“Zai girgiza ki.”

“Ba zai girgiza ni ba. Ɗora.”

Ya ɗora. Rawar ta bi yatsunta, ta ƙanƙame ta riƙe. Ya rufe ido ya matsa da duk ƙarfin da ya rage masa. Wayar ta ce ƙas. Suka koma ɗaya gefen, ta sake saitawa, ya sake matsawa, guntun ya faɗi a kan tabarma. Ta kwantar da kunnuwan da yatsa biyu, ta tura kan ciki.

Toka ta lafe a cikin tawul ba motsi. Suka zuba mata ido. Can sai hancinta ya fara motsi, ta miƙe, ta yi tsalle ɗaya, biyu, ta shige bayan ciyawa da ƙafafunta huɗu lafiya.

Baban Auta ya zauna dirshan a ƙasa. Hannun yana kan gwiwarsa yana abinsa, bai mayar da shi aljihu ba.

“Ba ki ce komai ba,” ya ce.

“Me zan ce? Duba rigarka.”

Ya duba. Riga ce dai, tsohuwa, mai maɓalli biyar.

“Wata takwas ke nan da na cire ƙananan maɓallan rigunanka duka na sa manya, na buɗa ramukan,” ta ce tana tsince ciyawa daga zaninta. “Ina jin ka kowace safiya kana fama da su. Jira nake ka faɗa da bakinka.”

Ya tuna safiyar da maɓalli ya fara shiga masa ba gardama, har ya yi murna a ransa cewa hannun ne ya fara sauƙi. Ya shafa maɓallin sama da babban yatsa, idonsa ya cika, bai yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Ta miƙa hannu ƙarƙashin kujera ta jawo jakar robobin nan, ta zazzage su a tsakaninsu.

“Masu manyan ido su koma sama,” ta ce. “Kai ka nuna, ni in kwance. In mun gama ka kira Auta, ka gaya mata zancen hannun, ta faɗa mana likitan da za mu gani.”

Ya miƙa mata filayar, ya nuna mata gaɓar farko.