Baba Ya-Kawo da Tashar Garinsu

Duk wanda ya zauna layinmu a Agege ya san ba a neman Baba Iliya a ɗaki, sai a kan kwano. Tsoho ne mai gadi, ɗan siriri, kullum yana rungume da dish ɗin talabijin yana juyawa, yana kwaɗa wa matarsa kira: "Hajo, ya kawo?" Shi ya sa muka sa masa Baba Ya-Kawo. Ni tela ne, shagona na ƙarƙashin kwanon nan, na sha ƙura.

Tun da yaƙi ya ci garinsu aka yanke layin waya, hanya ɗaya ta rage masa ta jin labarin 'yarsa Saude da ke aure can: tashar talabijin ɗin jiharsu, mai karanta sanarwar rasuwa da gaisuwa. Ita kuma masu faɗan suka toshe ta, ba ka ganin komai sai yayyafi da shuuu.

Baba bai yarda ba. Ya kwashe murafan tukwanen Inna Hajo ya ɗaure wa dish, wai don ya ƙara ji. Ta ce, "Malam, da me zan rufe miya?" Ya ce, "Miyar ma ta sha iska, ni a rana nake."

Mai gidan, wata Bayarabiya, ta zo tana faɗa, wai ya huda kwano, ruwa na zuba mata a gado. Ya leƙo daga sama ya ce, "Iya, matsar da gadon. Tauraro ba ya matsawa."

Na gaji, na ɗauko masa mai gyara daga Ogba. Mutumin ya duba ya ce, "Baba, ba a nan matsalar take ba, daga can suke danne ta. Ko bisa motar danfo ka ɗora ka zagaye Legas, ba za ta kawo ba." Baba ya ce, "Su suna da inji, ni ina da haƙuri. Mu ga wanda mansa zai fara ƙarewa."

Abin da ya fi ƙona mini rai, sai ya ƙure ƙarar shuuu ɗin ya zauna yana gyaɗa kai kamar mai jin wa'azi. Ran nan na ce, "Haba Baba, me kake saurara a hayaniya?" Ya ce, "Ɗana, ba a toshe bakin wanda ya yi shiru. Muddin suna dannewa, da sauran mutane a garin." Kunya ta kama ni, na koma kan kekena.

A haka zazzaɓi ya kwantar da shi, bai ga hoto ko sau ɗaya ba. Bayan sadakar arba'in aka buɗe layi, wayar Inna Hajo ta yi ƙara. Saude ce, lafiyarta ƙalau, tana cewa a ba ta Baba.

Allah ya jiƙan Baba Iliya, ya isar masa da labarin nan inda yake kwance, ya sa ya huta.