Likitar Da Ta Tafi Ba Ta Ƙarasa Ƙirjina Ba

Ranar Alhamis, tara ga watan Oktoba, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina shago ina kafa hannun wata riga wayata ta yi ƙara. Babbar nas ta sashenku na asibiti ce, Likita. Na ɗauka za ta tuna mini da zuwa asibiti ranar Litinin ne, har na riga ta da cewa ban manta ba. Sai ta ce, "Tela, sai haƙuri. Allah ya yi wa Likita rasuwa yau da safe." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na ɗauke ƙafa daga kan keke ba. Na dai tsinci kaina tsaye a bakin ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuyana, ina kallon titi kamar mai jiran wani ya zo ya ƙaryata.

Yau kwana tara ke nan, rigar nan tana nan da hannu ɗaya. Na kasa zaune, na kasa tsaye. In ɗauki almakashi in ajiye, in share shagon da na riga na share, in fita in dawo ban san abin da ya fitar da ni ba. Maigidana ya ce in rubuta abin da ke cina ko zan sami sauƙi. Ni ba marubuciya ba ce, Likita, kin sani, ɗinki na iya. Amma ga shi ina rubutawa, kuma da ke nake magana, don ke na saba faɗa wa abin da ban iya faɗa wa kowa.

Ga wanda bai san ki ba: ke ce likitar tiyatar da ke sake gina ƙirjin mata bayan ciwon daji ya sa an cire musu nono. Wasu likitocin suna cire cuta su ceci rai, Allah ya saka musu. Ke kuma kina karɓar mace bayan an gama ceton, lokacin da kowa ya ce mata ta gode wa Allah ta yi shiru, alhali ita kaɗai ta san abin da take gani idan ta tuɓe za ta yi wanka.

Haka na zo miki. An cire mini na hagu, na sha ƙarin ruwan maganin da ya kwashe gashin kaina, na warke, aka yi ta barka. Sai na shafe wata goma sha huɗu ina cusa ƙyallayen yadi a rigar mama. Ni da sana'ata ita ce auna ƙirjin mata, na zagaya tef in faɗi lamba ba tare da na duba sau biyu ba, na koma ba na iya kallon madubin shagona. Idan mace ta ɗaga hannu zan auna ta, sai in kawar da kai. Ƙanwata ce ta gaji, ta karɓo katin asibiti ba da sanina ba, ta sa ni a gaba har bencin ƙofar ofishinki.

Ba zan manta ɗakin nan ba. Tebur mai ƙafa ɗaya gajera da kika tokare da tsohon littafi, labule shuɗi, da fankar da ke juyawa tana ƙorafi. Kin tambayi sana'ata kafin ki tambayi ciwona. Da na ce tela ce, kika yi dariya kika ce ashe abokiyar aiki ce ta zo, sai dai ke yadinki ba ya yarda a farke a sake. Daga ranar ba ki ƙara kirana da wani suna ba sai Tela.

Sannan kika jawo aljihun tebur kika baje mini komai a fili. Kika sa mini wata jaka mai laushi ta silikon a tafin hannu, kika ce ana iya sa irinta a ƙarƙashin fata, amma sai an fara buɗa wurin a hankali, kuma wata rana tana iya buƙatar canji. Kika zana mini a takarda yadda ake ɗebo tsoka da fata daga ciki ko daga baya a gina nono da naman jikin mutum, kika ce wannan aiki ne mai tsawo, jinyarsa ta fi nauyi, kuma zai bar tabo a wuri biyu. Kika nuna mini na sawa a cikin riga, wanda ba ya buƙatar wuƙa ko kaɗan. Ba ki ɓoye mini cewa wanda za a gina ba zai ji taɓi kamar na da ba, ba zai kuma shayar ba. A ƙarshe kika ce akwai hanya ta huɗu, wato mace ta zauna yadda take, kuma wannan ma zaɓi ne, ba gazawa ba. Na ce ki zaɓa mini. Kika girgiza kai kika ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in je gida in kwana bakwai a kai.

Maigidana ya biyo ni a zuwana na biyu, hularsa a hannu, yana ta murza ta. Ya daɗe yana kewaye kafin ya fito da abin da ke ransa, ko wannan ba sauya halitta ba ne. Ba ki yi masa dariya ba, ba ki kuma yi masa wa'azi ba. Kika ce ke dai a saninki abin da cuta ta ɗauke kike ƙoƙarin mayarwa, amma ya je ya tambayi malamin da zuciyarsa ta natsu da shi, ba gaggawa. Ya je, ya dawo da fara'arsa. Tun daga nan idan ya ambace ki sai ya ce "Yayarmu ta asibiti".

A bencin nan na ƙofarki na san mata da yawa, kowace da labarinki a bakinta. Akwai wata malamar makaranta da nauyin ƙirjinta ya lanƙwasa mata baya, igiyar rigar mama ta yi mata rami a kafaɗu. Shekara da shekaru ana ce mata iyayi ne, wasu na nema ita tana kuka da samu. Ke ce kika fara duban kafaɗun nan kika ce wannan ciwo ne, kika rage mata. Na gan ta bayan wata uku tana hawa matakala da gudu kamar yarinya. Akwai kuma wadda ta zo a ƙara mata, ƙirjinta lafiya lau, don mijinta ya yi mata wata magana a gaban mutane. Ita da kanta ta ba mu labari tana dariya, ta ce kin ce mata ba kya yanka mace don a rufe bakin wani, ta tafi ta yi wata uku, idan har lokacin tana so don kanta, ƙofa a buɗe take. Akwai Gwaggo, tsohuwa mai jikoki goma sha ɗaya, da ta ce ita ba mai ƙara kwantar da ita a gadon tiyata, abin sawa kawai take so amma na kanti yana goge mata tabo. Ke kika turo ta shagona da 'yar takarda, kin zana rigar mama mai aljihu a ciki, kin rubuta a ƙasa cewa a yi da auduga zalla. Daga kan Gwaggo na ɗinka irinta sun fi sittin, kuma da su na koma iya auna mace ba tare da na kawar da kai ba. Sai daga baya na gane ba Gwaggo kaɗai kika yi wa magani da takardar nan ba.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi hana ni sukuni.

Na zaɓi silikon. Kika sa rana, sai gwaji ya nuna sukarin jinina ya hau, kika ɗaga. Na kiyaye baki, na dawo, kika sake dubawa kika sake ɗagawa, kika ce ciwo ba ya haɗewa da kyau a jikin da sukari ya yi yawa, ba za ki yanka ni ki jefa ni cikin wahala ba. Ni kuwa na riga na ƙirga kwanaki, na riga na yanka wa kaina sabuwar riga. Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ke da naki biyu suna nan daram, ina za ki san abin da nake ji?"

Nas ta ɗago kai a firgice. Ke kuwa ba ki canza fuska ba. Kika ce mata ta ba mu wuri, kika tashi kika tura ƙofa. Kika kama hannuna na dama kika ɗora a ƙirjinki, ɓangaren hagu, ta saman farar rigar aiki. Hannun tela ba ya ɓata tsakanin nama da auduga. Kika ce, "Shekara goma sha ɗaya ke nan, ƙanwata. Ni na zaɓi in zauna haka, ke kin zaɓi daban, kuma duk daidai ne. Amma sukarin nan sai ya sauka." Kika koma kujerarki kika ci gaba da rubutu a fayil.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na tashi na fita. Na yi ta shirya kalmomin ban haƙuri, duk zuwan da zan yi sai in ce yau zan faɗa, sai in tarar da layi a bayana, ko in ga kina fara'a kamar ba abin da ya faru, sai kunya ta ɗaure mini harshe. Magana zarar bunu ce. Na zare, ban mayar ba, har kika tafi. Kin roƙe ni in riƙe sirrinki, na riƙe. 'Yarki ta fari ce ta ba ni izinin faɗa ranar da na je gaisuwa, ta ce yanzu ya kamata matan nan su san wadda ta tsaya a kansu.

A bakinta na ji sauran. Ashe ciwon ya dawo miki tun farkon shekara, ya shiga ƙashi. Ashe lokacin da kika yi mini aikin farko a watan Yuli, kika sa mini jakar da ake cikawa da ruwan gishiri kaɗan-kaɗan don fata ta buɗe, kina tsaye ne a kan ƙafafun da ke miki zogi. Na ga kin rame, na ce aiki ne. Na ga kin fara zama a kujera kina yi mini allurar cikawa, alhali da a tsaye kike yi, na ce gajiya ce. Sau huɗu kika cika, saura biyu, sannan aikin ƙarshe. Litinin ɗin da ta biyo bayan rasuwarki ce za ki yi mini ta biyar.

To ga ni, Likita. Ina yawo da aikinki rabi a ƙirjina. Yana da tauri, ya ɗan fi na dama hawa sama, idan na juya a kan katifa sai ya tuna mini da kansa. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ba kewarki kaɗai ke kaɗa ni ba, har da tsoro. Idan abin nan ya iya dawo miki bayan shekara goma sha ɗaya, ke da kika san duk hanyoyinsa, ni wace ce? Ina cikin wanka sai in sami yatsuna suna laluben hammata. Na ce ba zan ƙara taka asibitin nan ba, na ce a bar ni haka, wa zan tuɓe wa kuma in fara bayani daga farko? Da safe in ce zan je, da rana in ce na fasa.

Shekaranjiya likitar da kika horar, doguwar nan mai tabarau da ke tsayawa a bayanki tana rubutu, ta zo har shago. Ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ta buɗe jaka ta fito da takarda. Ta ce a makonninki na ƙarshe kin zauna kin rubuta bayanin kowace mace da aikinta bai ƙare ba, mu goma sha huɗu, kowa da shafinta, da hannunki. Ta nuna mini nawa. Akwai lambobin da ban gane ba, yawan ruwan da aka sa da wanda ya rage, da girman abin da za a saka a ƙarshe. A can ƙasa kin rubuta: "A duba sukarinta kafin komai, ko ta yi faɗa. Tana da zafin baki amma tsoro ne, a yi haƙuri da ita. A bar ta ta ga ɗinkin, ta san na kirki." Na karanta na kifa kai a kan keke na yi kukan da ban yi ba tun ranar Alhamis ɗin nan. Likitar ta jira har na gama, sannan ta tambaya ko Litinin mai zuwa ta yi mini. Na ce ta yi. Hankalina bai kwanta ba tukuna, ban san ranar da zai kwanta ba, amma zan je.

Ki yafe mini maganar nan, Yaya. Na faɗa a makare, a inda ba za ki amsa ba, amma Allah yana ji.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka. Ta suturta mata da yawa a ranar da suka ji kamar an tsiraita su, ka suturta ta da rahamarka. Ka sa ciwon da ta ɗauka a ɓoye ya zama kankarar zunubanta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa tsayuwar da ta yi a kanmu ta zama nauyi a mizaninta. Ka ba wadda ta gaje ta irin hannunta da irin haƙurinta. Ka ba matan da ke kan bencin nan lafiya mai ɗorewa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, wanda ya san komai ya kuma bar ta ta yi aikinta har inda ƙarfinta ya kai, da 'ya'yanta uku, da mahaifiyarta da ta ga wannan rana da tsufanta, da ma'aikatan sashenta tun daga babbar nas har masu shara. Allah ya ba ku haƙurin da ya fi namu, don mu likita muka rasa, ku kuwa kun rasa ta gaba ɗayanta. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya sa Aljanna ce makomarta. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.